Riƙe Katako Kafin A Yanka: Darasi Domin Kafintoci, Masassaƙa Da Masu Koyon Sana'a

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, muna so kowane mai aikin itace a cikinmu ya iya abu biyu. Na fari, ya riƙe katako ya tsaya cik ba tare da ya sa ƙafarsa, gwiwarsa ko hannun yaronsa ba. Na biyu, ya shimfiɗa wani katako mai araha a ƙarƙashin aikinsa domin shi ya sha sara a maimakon tebur da kayan aiki. Ana iya karanta darasin a taron maza ko na matasa, amma zai fi amfani idan an karanta shi a rumfar kafinta, da zarto da guduma a kusa.

Abin da muka saba gani

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan zama. Masassaƙi yana gindin darbejiya, ya taka ƙotar fartanya da ƙafar hagu, gizago yana sauka kusa da babban yatsansa. Can gefe kafinta ya ɗora katako a kan tsohon benci ya danne da gwiwa, yaronsa ya kama ɗaya bakin da hannu biyu, zarto yana ta kai da komowa. Yawancin lokaci aikin yakan ƙare lafiya. Amma wata rana itacen yakan mirgina, ko zarto ya yi tsalle daga layi, sai jini.

Ku lura da lokacin da wannan ya fi faruwa. Da bazara ne, sa'ad da kowa yake son ƙotar fartanya da ta garma kafin ruwa ya sauka, mai sana'a kuwa yana sauri domin ya sallami mutane. A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Dawakin Tofa da Bichi zuwa Dambatta, Makoɗa da Kunchi, damina ba ta da tsawo. Daga watan Yuni zuwa Satumba an gama. Kafintanmu da masassaƙinmu manoma ne su ma. Mutumin da ya sare ƙafarsa a ƙarshen Mayu yana iya rasa shuka da noman fari, iyalinsa kuwa su ji a jikinsu har shekara ta kewayo.

Akwai hasara ta biyu, wato ta itacen kansa. A nan gona tana manne da gona, babu dajin da za a shiga a saro. Kowace ɗorawa, kowace tsamiya da kowane gawo yana da mai shi. Wani masani ɗan Ingila mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi nazarin gonakin kewayen Kano tun daga shekarun 1960, ya kuwa nuna yadda manoman yankin suke tattalin itatuwan gonakinsu kamar yadda suke tattalin dabbobinsu. Katakon da ake yin benci da ƙofa da shi kuma daga kudu ake kawo yawancinsa, a sauke a kasuwannin 'yan katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo a birnin Kano, sa'an nan mu biya kuɗin mota zuwa gida. Katako ɗaya da ya goce aka yanka shi a karkace yana iya cinye ribar benci guda.

Hasara ta uku ita ce ta kayan aiki. Zarto ko kurfi da ya ci karo da ƙusa, ko ya sauka a kan dutse da yashi, ya dakushe ke nan.

Abin da injin kwamfuta zai koya mana

A wasu shagunan kayan ɗaki na manyan biranen ƙasar nan akwai wani injin sassaƙa da kwamfuta take sarrafawa, ana kiransa CNC. Shi ne yake fitar da furanni da zane-zanen da kuke gani a ƙofofi da kan gadaje na zamani. An fara nuna kakan wannan inji a jami'ar MIT ta Amurka a shekarar 1952, a lokacin ƙarfe yake yankawa. Yanzu akwai ƙananansa da mutane suke ajiyewa a gida domin sha'awa. Bakinsa yana juyawa har sau 24,000 a minti ɗaya, yana bin hanyar da aka zana masa a kwamfuta.

Injin nan ba shi da ido. Inda aka ce ya bi, nan zai bi, ko katakon yana wurin ko ya matsa. Idan katakon ya motsa da kaurin farce, zanen ya lalace. Idan ya kuɓuce gaba ɗaya, bakin injin yana iya karyewa, ya kuma yi jifa da guntun katako. Babu kuwa mai iya sa hannu ya danne. Saboda haka kafin mai injin ya yanka kome, sai ya fara yin abu biyu. Yakan shimfiɗa wani faffaɗan katako a kan teburin injin ya ɗaure shi, wanda aikinsa shi ne ya sha yanka. A wannan darasi za mu kira shi katakon shimfiɗa. Sa'an nan ya ɗaure abin da zai sassaƙa a kansa, yadda ba zai matsa gaba ko gefe ba, ba zai kuma ɗaga sama ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mahauci ba ya sara nama a kan siminti. Yakan sa gungumen itace, domin gungumen ya sha gatari, bakin gatarin kuma ya tsira. Idan saman gungumen ya rarake sai ya kankare shi, idan ya ƙare ya sake wani. Abin da ya rage mana shi ne mu kawo hikimar mahauci zuwa teburin kafinta.

Yadda ake shirya katakon shimfiɗa

Kayan da ake bukata: tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, samansa ya kai kaurin inci 2, tsohon katako mai faɗin inci 12 guda biyu, ko ragowar filawud mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, sukuru guda 6, mahuji, filen, da miƙaƙƙen katako na gwaji.

1. Ku fara da tebur. Ku girgiza shi. Idan yana rawa, ku buga masa katako a gicciye daga ƙafa zuwa ƙafa, ku daidaita ƙasan da yake tsaye a kai. Duk ɗaurin da aka yi a kan tebur mai rawa aikin banza ne.

2. Ku zaɓi busasshen katako. Katakon da aka kawo daga kudu da sauran danshi yakan tanƙware idan hunturu ya busa. Ku jera shi a inuwa, da ƙananan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa, ku ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

3. Ku cire kowace tsohuwar ƙusa. Ku shafa da hannu a hankali, ku duba gefe da gefe. Ƙusa ɗaya da ta karye a ciki ta isa ta ɓata zarto.

4. Ku ɗaure shi a kan tebur da sukuru a kusurwoyi huɗu da tsakiyar dogayen gefuna. Kada ku yi amfani da ƙusa, gama za ku so ku cire shi wata rana. Ku fara huda gurbi domin kan sukurun ya nutse aƙalla kwatan inci ƙasa da saman katakon. Ku zagaye kowane gurbi da fenti domin kowa ya san akwai ƙarfe a wurin.

5. Ku daidaita samansa. Ku ɗora miƙaƙƙen katako a kai, ku sunkuya ku duba ko haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Inda ya yi tudu ku sa alama da fensir, ku fere da filen. Ku gwada a tsaye, a kwance da a gicciye. Katakon da aka ɗaure a kan wuri mai tudu da kwari yakan lanƙwashe, ya matse zarto a tsakiyar yanka.

6. Idan samansa ya cika da sara, ku fere shi. Idan ya sake cika, ku juya bayansa. Idan ya yi siriri har kan sukuru ya kusa fitowa, ku sake wani, tsohon kuma ya tafi murhu, muddin ba filawud ba ne ko mai fenti, gama hayaƙin gam da fenti ba shi da kyau ga abinci da huhu.

Katakon shimfiɗa yana da wani amfani da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan kuka huda katako babu kome a ƙarƙashinsa, bayan hudar yakan tsage ya yi kaca-kaca, domin babu abin da ya tokare zaren itacen sa'ad da mahuji yake fita. Idan akwai katako manne a ƙarƙashi, hudar takan fita sumul ta kowane gefe.

Hanyoyi biyar na riƙe aiki ba tare da sayen bayis ba

Bayis na ƙarfe yana da kyau, amma yana da tsada. Waɗannan hanyoyi biyar kuwa ana yinsu da abin da ke ƙauye.

*Matokari.* Ku ɗaure ɗan guntun katako a bakin tebur ta hagu, kaurinsa ya gaza na katakon da za ku fere. Idan kuna tura filen, aikin zai tokare a jikinsa. Domin fere gefen katako, ku yanka wa wani guntu baki irin na gwafa, ku ɗaure shi a kwance. Da kun tura katakon a tsaye cikin bakin gwafar, zai kama shi, ƙara turawa kuwa ƙara kamawa.

*Turaku da weji.* Ku huda jerin ramuka a tebur, tsakanin rami da rami inci 4. Ku sassaƙa turaku na itace mai tauri daidai ramukan. Sa'an nan ku samu guntun katako mai tsawon inci 8 da faɗin inci 2, ku raba shi a karkace yadda kowane ɓari zai zama inci ɗaya da rabi a kai ɗaya, rabin inci a ɗaya kan. Kun sami weji biyu ke nan. Ku sa aikin tsakanin turaku, ku zura wejin biyu suna fuskantar juna, ku ɗan buga da guduma. Weji mai gangara a hankali yakan riƙe, mai tsini da yawa kuwa yakan tofo kansa waje.

*Ƙugiyar tebur.* Wannan ƙarfe ne mai siffar lamba 7, wanda maƙerin ƙauye zai iya ƙerawa. A samu sandar ƙarfe mai santsi, kaurinta ya ɗan gaza faɗin ramin tebur. Idan ramin milimita 19 ne, ƙarfen ya zama wajen milimita 17 ko 18. Rodin gini mai gaɓa-gaɓa yakan cinye ramin. A lanƙwasa kansa, a baje bakinsa kamar tafin agwagwa. Ana zura shi a rami, bakin ya sauka a kan aikin, a buga samansa sau ɗaya. Sandar takan karkace ta cije a cikin ramin, ta danne aikin da ƙarfin da ya fi na gwiwa. Domin a kwance, sai a buga ta ta baya. Ku faɗaɗa ramin da ke jikin katakon shimfiɗa kaɗan, domin ƙarfen ya cije a jikin teburin kansa. Ku riƙa sa guntun fata ko katako a ƙarƙashin bakin don kada ya bar tabo. Kafintocin Romawa sun yi aiki da irin wannan ƙugiya kusan shekara 2,000 da suka wuce, wani kafinta Bafaranshe mai suna André Roubo kuma ya zana ta a littafin da ya fara bugawa a 1769.

*Madogarin zarto.* Ku samu katako mai tsawon inci 10 da faɗin inci 6. Ku manna ɗan sanda a samansa ta can gaba, wani kuma a ƙarƙashinsa ta wajenku. Na ƙasa zai maƙale a bakin tebur, na sama zai tare abin da kuke yankawa. Tura zarto da kansa shi ke ƙara danne aikin. Wannan ya fi kowane amfani ga yaro mai koyo, gama yana nisanta yatsunsa daga haƙoran zarto.

*Igiya da roba.* Domin haɗa ƙafafun benci ko firam ɗin ƙofa bayan an shafa gam, ku zagaya igiya sau biyu, ku sa sanda a tsakani ku murɗa har ta matse, ku tokare sandar. Ku sa kwali a kusurwoyi. Ga ƙananan abubuwa, tsohon tub na keke ko na babur da aka tsaga dogo-dogo yana ɗaurewa sosai.

Ga masassaƙa

Turmi, akushi da ƙota ba su kwanciya a tebur. Abin da ya dace da su shi ne gungume. Ku samu kututture mai nauyi, ku kwantar da shi, ku sare masa gurbi mai faɗin da ya ɗan fi abin da kuke sassaƙawa. Ku sa aikin a gurbin, ku buga weji a gefe. Domin ƙota, ku haƙa wa gungumen dogon kwari, ku zagaya igiya a kan ƙotar, ku bar madauki yana lilo ta bayan gungumen, ku taka madaukin. Ƙafarku tana riƙe aikin har yanzu, amma gungumen yana tsakaninta da gizago. In gizago ya goce, itace zai samu.

Ga masu injin hannu

Wasu kafintocinmu sun sayi zarton lantarki da injin huda da suke tayarwa da janareta. Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai hatsarin ya fi girma. Ku saita zurfin zarton ya zarce kaurin katakon da kamar milimita 3 kawai, ya ɗan taɓa katakon shimfiɗa. Kada a riƙe ƙaramin guntu da hannu a huda shi, gama inji yakan fizge shi ya juya. Kada kuma a ɗaura faifan zarto a kan injin giranda. Ba domin itace aka yi shi ba, idan ya cije yakan yi tsalle ya komo kan mai shi.

Ga matasa masu zuwa birni koyon injin kwamfuta

Idan Allah ya kai ɗayanku irin wannan shago, ga abubuwan da zai tarar. Katakon shimfiɗar injin yawanci MDF ne, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse. Ana sonsa domin ba shi da zare ko ƙulli, ba ya kuma cutar da bakin inji. Bayan an ɗaure shi, ana sa wa injin faffaɗan baki ya bi samansa duka ya kankare wajen rabin milimita, domin ko'ina ya zama daidai da tafiyar injin. Idan za a yanka abu har ya rabu, ana barin bakin ya nutse kaɗan ƙwarai cikin shimfiɗar.

Ana riƙe aikin da mamatsai a gefe, ko da sukuru a wuraren da bakin ba zai bi ba. Siraran abubuwa akan manna tef na takarda a jikinsu da jikin shimfiɗar, a haɗa tef da tef da gam mai saurin kamawa. Manyan injuna kuma suna da famfon da ke zuƙe iska ta cikin MDF ɗin, aikin ya lafe. Ana barin 'yan ƙananan gadoji tsakanin abin da ake yankowa da uwar katakon, domin kada ya kuɓuce a zagayen ƙarshe, daga baya a cire su da kurfi. Kafin a fara, mai hankali yakan sa injin ya bi hanyarsa a sama cikin iska, ya ga ko zai ci karo da ƙarfe. MDF yana kumbura idan ya sha ruwa ko danshin damina, don haka akan sake kankare shi lokaci lokaci. Ƙurarsa kuma tana cutar da huhu, sai a rufe hanci da baki, a sa tabarau.

Yaron da ya saba tun a ƙauye ya girgiza aikinsa kafin ya yanka, rabin karatun nan ya riga ya yi shi. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan an ji rauni

Ku danne wurin da tsumma mai tsabta, ku ɗaga gaɓar sama har jini ya tsaya. Ku wanke da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a zuba ƙasa, toka, kashin shanu ko baƙin mai, gama ƙwayar cutar tetanus, mai sa haƙora su sarƙe jiki ya sandare, a ƙasa da kashin dabbobi take zama. Ku kai mutumin asibiti a ranar domin a duba ko yana bukatar ɗinki da allurar rigakafi. Idan yatsa ya gutsure, ku naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, ku sa a leda ku ɗaure, ku sa ledar a ruwan sanyi, ku tafi babban asibiti nan da nan.

Tambayoyi uku kafin kowace yanka

- Na girgiza aikin da hannu, ya motsa?
- Idan ƙarfen ya goce, ina zai sauka: a itace ko a jikin mutum?
- Akwai ƙusa, sukuru ko dutse a hanyarsa?

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mutum nawa ne a ƙauyenmu suka ji rauni wajen aikin itace a shekara biyu da suka wuce? A wane wata ne? Me hakan ya jawo wa gonarsu da iyalinsu?
2. Wasu za su ce ɗaure aiki ɓata lokaci ne. Mu gwada: mutum biyu su yanka katako goma, ɗaya da gwiwa, ɗaya da madogarin zarto. Wa ya riga gamawa? Na wa ya fi miƙewa?
3. Waɗanne ayyuka muke sa yara su riƙe mana da hannu? Wace hanya cikin biyar ɗin nan za ta ɗauke musu wannan?
4. Wane maƙeri ne kusa da mu zai iya ƙera ƙugiyar tebur? Idan mutum biyar suka haɗa kuɗin ƙarfe, nawa kowa zai biya?
5. Mata ma suna faskare, suna yankan kabewa da rake a tafin hannu. Me wannan darasi zai ce game da aikinsu?

Aikin wannan mako

Ku zaɓi rumfar kafinta ɗaya ku taru a can. Ku gyara teburinsa, ku ɗaura masa katakon shimfiɗa, ku yi weji biyu da madogarin zarto ɗaya. Kowane mai koyo ya yi nasa madogarin da hannunsa ya tafi da shi gida. Bayan wata ɗaya ku sake haɗuwa, ku ƙirga sarar da ke jikin katakon shimfiɗar, ku tambayi juna inda kowace za ta sauka da ba a shimfiɗa shi ba. Ku yi wannan tun da rani, kafin masu neman ƙota su cika ƙofar rumfa.